Ranar da kunyar suruki ta kusa raba ƙanena da matarsa

Ko na tsufa na manta komai, ba zan manta da ranar da na zauna a wani shago a Katsina ina magana da wani dattijo ɗan Japan ta waya ba, makomar auren ƙanena tana bakina. A lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. Daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa yau nake rubuta wannan da hannuna.

Ƙanena shi ne ɗan bokon gidanmu. Ni na riƙe gona a ƙauyenmu kusa da Runka, shi kuma ya yi ta karatu har aka tura shi Japan koyon noman shinkafa. A can ya auri 'yar ƙasar, ta musulunta. Da mahaifinmu ya rasu ya dawo gida, takardar zamansa ta ɗalibi kuma ta ƙare yana nan. Kafin ya koma sai ya nemi biza a matsayin mijinta. To, masu ba da bizar suna so su ga abin da miji da mata za su ci, ita kuwa otal ɗin da take aiki ya rufe a shekarar annoba. Ba aiki, ga ciki. Hanya ɗaya ta rage, mahaifinta ya tsaya musu, ya sa hannu cewa zai ɗauki nauyinsu. Dattijon ya ƙi.

Ƙanena ya rame kamar mai jinya. Lokacin ne aka katse layin waya a yankinmu saboda ɓarayin daji, don haka jin muryar matarsa ma sai ya yi kasadar hanya zuwa Katsina. Duk ranar da ya fita, innarmu ba ta cin abinci sai ya dawo. Shi ya riga ya yanke cewa launin fatarsa ne dattijon ba ya so. Na ce masa ya yi haƙuri, amma ni ma a zuciyata ina tsoron yaron da za a haifa zai tashi bai san ubansa ba.

Ana nan sai ya dawo da saƙo: surukinsa yana son magana da babban gidanmu. Babban gida kuwa yanzu ni ne.

Muka shiga akori-kura da sassafe, kowa na kallon daji. A shagon aka jingina wayar, sai ga dattijo mai furfura, 'yarsa a gefe tana mai da maganarsa Turanci, ƙanena yana mai da mini ita Hausa. Na yi gaisuwa har na tambayi gona da dabbobi. Shi kuwa kai tsaye ya faɗi damuwarsa. Ƙanena ya fassara mini.

“Yaya, wai ya ce me ya sa nake gudunsa? In ya shigo ɗaki sai in fita, ban taɓa kallon idonsa ba, ban taɓa cin abinci tare da shi ba. Wai mai ɓoye fuska yana ɓoye wani abu.”

Ashe ladabin da muka koya wa yaron ne ya zama laifinsa. Na ce a gaya masa a wurinmu uban matarka ya fi ƙarfin ka haɗa ido da shi ko ka sa hannu a kwano ɗaya da shi, kuma wanda ka raina ne kake sakewa a gabansa. Na ce ni da ke zaune, 'yata ta isa aure, amma makon jiya na hango surukina a kasuwar Batsari na bar ragon da nake tayawa na canza layi.

Aka fassara. Dattijon ya daɗe yana kallona. Can ya yi tambaya, 'yarsa ta rufe baki tana dariya. Wai ragon fa, na same shi?

“Wani ya saye,” na ce.

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce zai sa hannu, amma da sharaɗi: ranar da ƙanena ya sauka, tare za su ci abinci. Na dubi ƙanena, gumi na karyo masa. Na ce, “Kai, amsa mana. Ka ci, Allah Ya yafe maka.”

Bizar ta ɗauki watanni, har matar ta haihu bai je ba, ta waya muka raɗa suna. Amma bizar ta fito. Daga baya ya aiko mini da hoto, shi da dattijon a gaban shinkafa, jariri a cinyar kakansa, ƙanena kuwa kansa a sunkuye yana kallon kwano.

Abin da na koya shi ne, girmamawar da mutum bai san ma'anarta ba tana iya zame masa wulaƙanci. Tun daga ranar, in na ga wani ya ƙi ni, nakan fara tambayarsa abin da ya gani a tare da ni kafin in yanke masa hukunci.