Tiyon Birkin da Aka Ajiye Mini a Durowa

Ko da zan manta da komai na harkar mota, ba zan manta da shekarar da na ɗaga motata ba. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi.

Ina da gona a can bayan Kawo, kuma da damina hanyar ba ta biyuwa. Motar tawa mai jan ƙafa huɗu ce, amma cikinta yakan daki ƙasa a duk inda ruwa ya zaizaye. Sai na yi odar kayan ɗaga ta: dogayen ƙarafan da ke riƙe da tayoyi, waɗanda ake ce wa dogon hannu, da sababbin sifirin da shokozoba masu shanye jijjigar hanya. Amfaninsu shi ne taya ta iya sauka can cikin rami ba tare da motar ta karkace ba. Na kai kwalin yadda ya zo wurin wani bakanike a Kurmin Mashi.

Ni mutum ne mai son a yi abu bi da bi. Na ce masa da farko ya fitar da kayan ya jera, sannan ya cire tsofaffin, sannan ya ɗaura duk abin da ya zo a kwalin, a ƙarshe ya gwada. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ka je ka huta. Wanda ya haifi motar ma bai fi ni saninta ba."

Da na karɓo ta, ta yi kyau, ta tashi sama kamar raƙumi. A kan kwalta ba abin da na ji. Ranar Asabar na ɗauki maiɗakina muka nufi gona. Da ƙyar ta hau, tana cewa, "Malam, saura ka saya mini tsani."

Kafin gonar akwai gangara mai sauka rafi, kuma a bakin gangarar akwai wani rami mai zurfi. Tayar gaba ta sauka cikinsa lafiya lau, har na fara yaba aikin a zuciyata. Muna fitowa na taka birki, sai ƙafata ta tafi har ƙasa. Na sake takawa, babu komai. Ga rafi ya cika a gabanmu, ga mata suna wanki a bakinsa. Na sauke giya, na ja birkin hannu, na karya sitiyari na nufi wani suri da ke gefe. Shi ya tsayar da mu. Maiɗakina ta tokare gaban motar daga ciki da hannu, hannun ya karye a wuyansa. Ba ta yi kuka ba, salati kawai take yi.

Da na leƙa ƙarƙashi, na ga tiyon birki ya tsinke, mai yana ɗiga. Tsohon tiyon ne, gajere. An ƙara wa taya nisan sauka, shi kuwa an bar shi yadda yake, sai tayar ta finciko shi.

Bayan an yi mata ɗori, na tafi garejin. Na tambayi bakaniken ko babu dogayen tiyon birki a cikin kayan. Wallahi ko gezau bai yi ba. Ya jawo durowa ya fito da su sababbi fil a ledarsu, ya miƙo mini.

"Ga su nan, na ajiye maka. Safaya ne. Na ga naka na da bai mutu ba."

Na ce, "Safaya? Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Ai kullum masu kamfani sukan saka ƙari. Ba aikin da za ka yi wani abu bai ragu ba."

Na gaya masa abin da ya sami matata. Sai ya kaɗa kai ya ce, "Ayya, Allah ya tsare gaba. Ƙaddara ce, Alhaji, sai haƙuri."

Wannan maganar ta fi karayar yi mini ciwo. Na yarda da ƙaddara tun kafin a haife shi. Amma mutum ya ga abu a kwali, bai san aikinsa ba, girman kai ya hana shi tambaya, sannan ya ɗauko ƙaddara ya lulluɓe gangancinsa? Na ce masa, "Ƙaddara ce ta kawo ni wurinka, na yarda. Amma da hannunka ka rufe durowar nan." Ban sake taka wurin ba.

Hannun ya warke, sai dai har yau ba ta iya murɗa wanki da shi, ni nake matse mata. Abin da na koya shi ne, duk wanda ya gama maka aiki ya miƙo maka ragowar kaya, kada ka tafi sai ya nuna maka inda kowanne ya kamata ya zauna da dalilin da bai zauna ba. In ya kasa, aikin bai ƙare ba, kuma kada ka saka iyalinka a cikin motar.