Kiɗa na Uku a Koren Kaset

Mai Lif ake ce masa, kuma ba ya jin haushi, don ba ƙarya aka yi masa ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi a cikin lif ɗin wani dogon bene na ofisoshi, akwatin ƙarfen nan mai hawa da sauka da mutane. Taku biyu ne faɗinsa, taku biyu tsawonsa. Akwai kujerar katako a kusurwa, da madubi mai tsaga, da maɓallai goma sha ɗaya da yatsansa ya goge wa lamba. Ƙofar tsohuwa ce, da hannu ake jan ta, kuma ba ta bin kowa sai wanda ya san halinta. Shi ya sa har yau ba a sallame shi ba.

Idan lif ba kowa, hannuwansa ba sa zama. Yakan riƙa buga jikin ƙarfen a hankali, dama ta tafi, hagu ta bi ta, ƙafa tana amsawa daga ƙasa. Da ya ji an kusa tsayawa, sai su koma kan gwiwa kamar ba su san komai ba.

A gida yana da rakoda ɗaya da kaset uku. Wansa ne ya bar masa su ranar da ya tafi neman aiki wata ƙasa, tun shi yana saurayi. Babu rubutu a jikinsu. Bai san sunan makaɗan ba, da launi ya san su.

Baƙin kaset, a babban ɗaki aka ɗauke shi. Idan an buga babbar gangar ƙafa kana jin bango yana mayar da ita, har da ɗan kukan ƙarfen da makaɗin ke takawa. Farin kuwa, mai tabon shayi a gefe, makaɗinsa mutum ne marar surutu. Ƙaramar gangarsa tana fita a bushe kamar an karya ice, sannan ya bar fili kafin ya sake taɓa ta. Waɗannan biyun sauraro yake yi yana jin daɗi. Koren ne matsalar.

A koren kaset, kiɗa na uku, can dab da ƙarshe, akwai wurin da kowa ke yin shiru a bar mai ganguna shi kaɗai. Hannun hagun mutumin nan yakan kwasa da gudu ya zaga ganguna duka, ya dawo daidai inda ya bari, ko numfashi bai yi ba. A zamanin, Mai Lif yana da nasa gangunan, yana koyon kiɗa tare da abokinsa Dogo mai jita. Sai ya ɗaura wa kansa alkawari: ba zai zauna a gaban jama'a ba sai ya bi kiɗa na uku daga farko har ƙarshe bai faɗi ba. Shekara biyu yana bi. Kullum a wuri ɗaya hannun hagu ke sarewa. Ana nan aka haifa masa 'yar fari, aka ce ana neman mai kula da lif. Ya ce zai riƙe na ɗan lokaci. Ya sayar da gangunan, ya ɗora sandunan biyu a kan kabad.

Kasetocin ba su taɓa yin ƙara a wata rakoda ba. Sau ɗaya ya ba wani direba baƙin, na'urar motar ta taune zaren tun kafin a ji komai. Da man farcen matarsa ya liƙe shi. Daga ranar ya rantse ba zai ƙara ba da aronsu ba.

Matar tasa ta haddace su duka, ba da son ranta ba.

"Yau ma mutanen naka ne?" takan ce daga kicin. "Da ni ce na shekara talatin ina maimaita magana uku, da tuni ka kai ni asibiti."

Ranar wata Laraba Dogo ya shigo lif ɗin. Ya yi ritaya, furfura ta cika masa kai, amma har yanzu sai ya sunkuya a bakin ƙofa.

"Hawa na nawa?" in ji Mai Lif.

"Duk inda ka ga dama. Wurinka na zo."

Dogo ya tara tsofaffin abokansa, suna kiɗa duk Asabar da rana a bayan shagon kafinta, surukinsa. An samo ganguna na gwanjo. Kujerar mai ganguna ce babu kowa, wata uku ke nan yana ajiye wa Mai Lif ita.

"Mutumina, Asabar ɗin nan ce ta ƙarshe. Akwai wani direban motar asibiti da ya hana ni sakat. Bugunsa kamar ana sauke kwanoni daga mota, amma dai yana zuwa."

"Ka ba shi mana."

"Kai nake so. Dukkanmu fa babu mai haƙori cikakke. Wa zai yi maka dariya?"

"Ban kai ba tukuna."

"Har yanzu koren nan ne? Don Allah wa ya aike ka? Wannan ba mutum ba ne, hannu uku gare shi."

Suka hau har na goma, suka sauko. Dogo ya fita, ya riƙe ƙofar da ƙafa.

"Ƙarfe ɗaya kake tashi ranar Asabar. Ƙarfe biyu muke farawa. Idan na ga uku ta yi, na kira direba."

Washegari rakodar ta tsaya cak. Bel ɗinta, robar da ke juya kaset, shi yake canzawa da kansa duk shekarun nan, amma wannan karon ya fi ƙarfinsa. Ranar Juma'a da yamma ya naɗe ta a tawul ya kai wa mai gyaran rediyo, ya tsaya a kansa kamar wanda ya kai ɗa allura.

Mai gyaran ya canza wata 'yar waya, ya sa nasa kaset na gwaji, ya kasa kunne. Sai ya ɗago.

"Baba, wa ya murza maka motar rakodar nan, injin da ke juya kaset?"

"Babu wanda ya taɓa ta. Haka aka ba ni ita."

"To tun can gudu take yi. Kamar a ce mutum yana taku goma, ita ta sa shi yin sha ɗaya. Ba ka ji muryoyi suna fita siriri ba?"

"Na ɗauka haka muryarsu take."

Mai gyaran ya zura ƙaramin sukudireba a wani rami da ke bayan motar, ya juya kaɗan zuwa hagu. "Kawo naka mu ji."

Koren ne a aljihunsa. Aka wuce zuwa kiɗa na uku. Gangar ƙafa ta fito da nauyin da bai san ta da shi ba. Makaɗin kuwa kamar an ce masa ya zauna ya sha ruwa. Mai Lif bai san lokacin da yatsunsa suka hau teburin gyara ba, tsakanin gwangwanin sukurori da ƙarfen dalma. Dama ta tafi, hagu ta bi ta. Aka zo wurin. Kowa ya yi shiru a cikin kaset, hannun hagu ya kwasa, ya zaga, ya dawo. Nasa ma ya dawo, tare suka sauka, har da ɗan sauran wuri.

"Kai!" in ji mai gyara. "Ashe Baba gwani ne! A ina kake kiɗa?"

Ya daɗe yana kallon hannunsa na hagu, ya juya tafin, ya juya bayan.

"Za ka iya mayar da ita yadda take?"

Mai gyaran ya yi dariya, ya ga ba a taya shi ba, ya daina. "Baba, ka kawo mara lafiya na warkar, ka ce in mayar masa da ciwonsa? Ga ramin nan dai, ka gani. Ni ba da hannuna ba."

A gida ya sake kunna shi. Matarsa ta leƙo da ludayi a hannu.

"Yau mutanen naka sun gaji ne?"

"Gyara aka yi."

"Ya fi daɗi haka," ta ce, ta koma.

Ranar Asabar da safe ya hau kujera ya sauko da sandunan daga kan kabad. Ya goge su da gefen riga, ya sa a aljihun ciki. Duk safiyar suna tokarar haƙarƙarinsa idan ya miƙa hannu ya ja ƙofa.

Ƙarfe ɗaya ta same shi a hawa na ƙasa, ƙofa a buɗe. Daga kan kujerarsa ana hango ƙofar gilashi, da titi, da rana a kan motoci. Taku goma sha biyu ne, ya sha ƙirga su. Ya tashi tsaye, ya taɓa aljihunsa. Ya tuna 'yar fari, wadda yanzu take da nata 'ya'yan. Ya tuna mutumin da ya sayi gangunan, yadda ya ɗaure su a bayan mota da igiya.

Sai ga mai shara da bokiti.

"Baba, ka tashi ne? Bari in bi matakala, na huɗu ne kawai."

"Shigo," in ji shi. "Bokitin da nauyi."

Ya kai ta na huɗu. Ya jira ta gama, ya kai ta na biyar. Benen hawa goma ne, kuma mai sharar ba ta da gaggawa. Wayarsa ta yi ƙara sau biyu a aljihu, kusa da sandunan. Bayan ƙarfe uku ba ta sake yi ba.

Da yamma matarsa tana kwashe shanya ta ji koren kaset daga ɗaki. Ta tsaya da zani a hannu, ta saurara, ta shiga. Yana zaune a bakin gado. Sandunan sun koma kan kabad. Murfin bayan rakodar yana kan tebur, kusa da 'yar wuƙarta mai siririn baki.

"Maigida, mai gyaran nan ya cuce ka. Ga ta ta koma gudunta."

"Haka take," ya ce.

Aka zo wurin. Hannun hagunsa ya ɗaga daga kan gwiwa, ya bi, ya bi, ya sare.