Jajen da aka zo yi mini don na bar aiki

Shekarun baya ina aiki a wani babban shagon taki da maganin feshi a cikin garin Makarfi. Ni ke riƙe da makullin sito. Ga kujera, ga fanka tana kaɗa ni, wata ya mutu a miƙo albashi. A ƙauyenmu wannan ba ƙaramin matsayi ba ne, don mahaifiyata in za ta ambace ni a gidan suna sai ta gyara mayafi tukuna.

To amma daga kan kujerar nan nake kallon yadda gari ke canjawa. Manoman raken da a da suke zuwa a kan keke su sayi taki a kwano, sai ga su da sababbin babura suna ɗaukar buhu-buhu. Ranar kasuwa motoci daga Kano da Zariya su yi ta lodin mazarƙwaila har ta ƙare ana nema. Ana haka abokina ya sayi injin matse rake, ya ce in zo mu haɗa hannu, tunda fadamar da mahaifina ya bar mana tana nan kwance. Na juya maganar, na yi istihara, wata safiya na miƙa wa maigidana makulli na yi masa godiya. Ya yi ta ba ni baki, na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, zuciyata ta riga ta tafi fadama."

Na dawo gida baki har kunne, na durƙusa na shaida wa mahaifiyata. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Me ka ɗauka?"

"Inna, ban ɗauki komai ba. Ni na ajiye da kaina."

"Ana ajiye albashi ne? Kai dai faɗa mini gaskiya tun kafin in ji a bakin duniya."

Ashe akwai abin da duk wayona ban hango ba. A wurinmu ba a taɓa ganin wanda ya bar aikin albashi da ƙafarsa ba, ko dai ritaya, ko mutuwa, ko kora. Mai riƙe da makullin sito kuwa in an kore shi, ai ba sai an tambayi dalili ba. Kafin la'asar mata sun fara sallama a gidanmu, wai sun zo jaje. Ni ma a ƙofar masallaci aka tare ni ana cewa, "Ashe abin da ya faru ke nan? Allah ya mayar da alheri." In na ce ba kora ba ce, sai a dafa kafaɗata a ce, "Haka ne, haka ne, Allah dai ya ƙara rufa asiri." Wani dattijo har goro ya danƙa mini don in rage zafi.

Da farko dariya abin ya ba ni. Da na ga Inna ta daina fita, aka yi bikin 'yar ƙanwarta ta ce zazzaɓi take yi, sai dariyar ta tsaya. Matar da ta raine mu ita kaɗai ba a taɓa nuna ta da yatsa ba, yau ta kasa haɗa ido da maƙwabta saboda ni. Wallahi abin ya ci mini rai. Kuma ni ma ban taimaki kaina ba, don kaskon mazarƙwaila na farko da na dafa ƙonewa ya yi ƙurmus, na ratso gari baƙi ƙirin da hayaƙi, ina ji ana cewa, "Allah sarki, duniya!"

Wata Juma'a bayan an sauko, sai ga motar Alhaji a ƙofar gidanmu. A lokacin akwai mata cike da tsakar gida, domin 'yan jajen nesa ba su gama zuwa ba. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Inna ta fito, ko gaisuwa ba a gama ba ta ce, "Alhaji, ko me ya yi, don Allah a rufa mana asiri."

Alhaji ya buɗe baki. "Me ya yi kuwa, Inna? Ai ni roƙo na zo. Tun da ya tafi sito ya rikice mini. Direbana ma ya sayi tasa motar ya kama gabansa, kowa ya ga kasuwa ta buɗe yana son nasa. Amma irin wannan mai amana ban san inda zan samo ba. Ki sa baki ya dawo, zan ƙara masa albashi."

Inna ta waiwaya wajen tsakar gida, ta dawo da kallonta, sannan ta ce, "Alhaji, ɗan ɗaga murya, kunnena ba ya ji sosai."

Jama'a, matar nan in allura ta faɗi a ɗaki tana ji. Bawan Allah ya maimaita tiryan-tiryan da ƙarfi, har da mai amanar. Matan da ke tsakar gida duk suka ji. Sai Inna ta gyara zama ta ce, "To Alhaji, mun gode da karamci. Amma ɗana da kansa ya ajiye. Yana da nasa yanzu, sai dai ka sa masa albarka."

Ni ne ɗan fari, ban taɓa jin ta yabe ni a gabana ba sai ranar. Na sunkuyar da kai ina murmushi, idona na kawo ruwa. Alhaji ya yi dariya ya sa albarka, ya tafi da mazarƙwailar da ba ta ƙone ba.

Yau a ƙauyenmu mutum ya bar aiki ba mai zuwa jaje, sai dai a tambaye shi me zai kafa. Ni ma ina da masu taya ni aiki, kuma lokaci-lokaci wani kan zo yana sosa ƙeya ya ce zai tafi ya gwada nasa. Ba na jin haushi, daɗi nake ji, don ba mai sakin abin da ke hannunsa sai ya ga gari da alamar alheri. Sharaɗina ɗaya ne: sai na raka shi har zauren gidansu na faɗa wa mahaifiyarsa da bakina cewa ba korarsa na yi ba. Kuma da ƙarfi nake faɗa.