Hular Baba Modu tana kan cinyata

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Modu mai wankin hula na Jakara ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, muna cikin bas ɗin kulob, mun ɗan wuce Lokoja a hanyarmu ta komawa Kano. Ɗansa Bukar ne ya kira. Na ɗaga da murnata, na zaci barka zai yi mana. Sai na ji ya ce, "Yaya Sagir, sai haƙuri. Baba ya dawo daga sallar asuba, ya kishingiɗa a soro, shi ke nan."

Ina rubutun nan ne don ban san abin da zan yi da kaina a cikin motar nan ba.

Wanda bai san shi da suna ba ya san shi da gani. Shi ne dattijon nan mai farin gemu da yake zama a bayan raga duk ranar da kulob ɗinmu na Ƙofar Ruwa yake wasa, da babbar rigarsa, kai ba hula. Mutumin da ya tsufa yana wanke hulunan mutane, yana sa musu sitaci, yana fitar musu da kari, amma nasa kan a buɗe.

Yaran yanzu da yawa ba su san dalili ba. Ni na sani, don ina wurin.

Lokacin ni ne gola. Ranar wasan ƙarshe na kakar wasa mun ci namu wasan, muna ta rungumar juna, sai labari ya zo daga wani gari cewa waɗanda muke tsere da su su ma sun ci nasu. Mun faɗa rukunin 'yan dagaji ke nan. Baba ya miƙe, ya cire hularsa zanna, ya cusa a aljihu, ya ce da ƙarfi kowa yana ji, "Wallahi hula ba za ta ƙara hawa kaina ba sai kulob ɗin nan ya koma inda yake!"

Mun ɗauka zafin rai ne, kafin Juma'a zai huce.

Juma'a ta zo, Baba ya shiga sahu kai a buɗe.

Liman da kansa ya same shi a rumfarsa ta wankin hula ya ce, "Malam Modu, rantsuwa ai tana da kaffara. Ka ciyar da miskinai, ka mayar da hularka, girma ya kama ka." Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, na sani. Amma ranar da yaran nan suka waiwaya bayan raga suka gan ni da hula, za su ce Baba ya cire rai da su."

Haka ya je ɗaurin auren 'yarsa. Hajiya Falmata, matarsa, ta yi faɗan har ta gaji, ta ce ko rawani ne ya naɗa don surukai. Ya ce rawani ma yayan hula ne, ba zai yi wa Allah wayo ba.

Mun daɗe a ƙasa, jama'a. Manyan da suke cika mana rumfar 'yan kallo duk suka watse. Muka koma buga wasa a filayen da akuya take ratsawa ana tsakiyar wasa. A nan na san waye Baba Modu. Zai rufe rumfarsa, ya hau motar haya, ya biyo mu da buhun fiya wata da lemo yankakke a bokiti. Rana ta dake shi har kan ya riƙa ƙyalli. 'Yan wasa suka sa masa Baba Sola, wai kansa kamar farantin sola, shi kuma ya ce to ku zo ku yi caji.

Da na karye a ƙafa, karayar da ta raba ni da tsaron raga, shi ya kai ni wajen mai ɗori a Ƙofar Dawanau. Ya riƙe kafaɗata ina ihu kamar ƙaramin yaro, yana cewa, "Yi kukanka, Gola, ba mai ji sai ni." Bai taɓa ba kowa labarin ba. Shi ya yi ta yi wa shugabannin kulob naci har suka bar ni ina horar da masu tsaron raga.

Hular da na sa ranar aurena ma shi ya wanke ta.

Bara muka ƙare a gab da masu haurowa, maki kaɗan ya hana mu. Muna cikin wannan baƙin ciki sai hukumar gasa ta sanar cewa za a faɗaɗa babban rukuni, za a ƙara kulob-kulob, kuma sunanmu yana ciki. Unguwa ta kaure. Samari suka yi ta zagaye a babura, muka ɗunguma Jakara da sabuwar hula, har da mai kalangu.

Baba yana zaune yana goge hular wani. Ya kalle mu, ya kalli hular, bai miƙa hannu ba.

Ya ce, "Wa ya ci ƙwallon da ta hau da mu?"

Sai ya ba kansa amsa.

Ya ce, "A ofis aka hau da mu, da biro. Na gode wa Allah, na gode musu. Amma ni abin da na rantse a kai na san shi a zuciyata. Ku zauna a saman nan kaka guda da ƙafarku, kada a koro ku, sannan ku kawo hula."

Gaskiya ranar na ji haushinsa. Na ce a raina tsohon nan taurin kai ne kawai yake damunsa. Amma da aka fara kaka, ana ta kiranmu 'yan alfarma a rediyo, ana cewa ta ƙofar da muka shigo za mu fita, sai na ga yaranmu duk wanda ya gaji yana waiwayen bayan raga. Kan nan yana nan yana ƙyalli.

Kakar nan mun sha wuya. Muka kai wasan ƙarshe muna bakin rami, kuma a Kudu za a buga. In mun ci mun tsira, in ba haka ba mu koma inda muka fito.

Ranar Alhamis kafin mu tashi na biya masa sallama. Na same shi ya rame, yana ta haki, ya ce ƙirji ne yake ɗan matsa masa, tafiyar nan ba da shi ba. Sai ya jawo wata leda daga ƙarƙashin benci. Zannar nan ce, wadda ya cire a fili ranar da muka faɗi. Ya wanke ta, ya sa mata sitaci, ya fitar da kari kamar ta ango.

Ya ce, "Tafi da ita ta ga wasan a madadina. In kun tsira, kai za ka ɗora min da hannunka. In ba ku tsira ba, ka dawo min da abata, kada ka ɓata min kari."

Na ce, "Baba, ka shirya kanka kawai."

Ya yi dariya ya ce, "Kan a shirye yake, Gola. Ku ne dai."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Jiya mun ci, ɗaya da nema. Mun tsira da ƙafarmu.

Bukar ya ce min Baba ya ji wasan a rediyo. Da aka tashi ya yi sujada, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya aika aka kira wanzami ya yi masa aski tas. Bukar ya ce masa, "Baba, ga huluna cike da rumfa, sa ɗaya mana ka je magariba da ita." Ya ce, "A'a. Sagir yana tafe da tawa."

Ina tafe da ita, Baba.

Ƙarfe goma za a yi jana'iza a ƙofar gidansa da ke Jakara. Direbanmu ya ce ko tashi sama zai yi ba za mu isa kafin la'asar ba. Yaran da suka kwana suna waƙa duk sun yi jugum, kyaftin ɗinmu ya kifa kai a kujera yana kuka. Ledar tana kan cinyata, na kasa sa ta a jaka don kada karin ya ɓaci.

Don Allah duk wanda yake cikin gari ya je ya tsaya mana a sahu. Wanda yake nesa ya ɗaga hannu ya sa shi a addu'a, ko sau ɗaya ne.

Allah Ya jiƙan Baba Modu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya ba Hajiya Falmata da su Bukar haƙuri. Ya Allah, kan nan ya sha rana saboda mu. Ka sa shi a inuwarKa ranar da babu wata inuwa sai taKa.