Adda Hajaratu da Shuɗin Zare

Kafin rana ta yi zafi, Adda Hajaratu tana cikin keke napep da kwandon kwalabe a cinya. Daga unguwar Majidaɗi zuwa Kachalla Sembe take bin masu buga ruwan leda, ta ɗebo, ta koma ɗakin gwaji. Can take tace ruwan, ta duba takardar tacewar da madubin ƙara girma, tana neman ɓurɓushin robar da muke haɗiyewa ba mu sani ba. A ƙasashen waje injuna ke wannan aiki. A nan idonta ne. Watan gobe za ta yi ritaya.

Tobiya, abokin aikinta, shi ya ga abin da ya faru da Andrawus, mai ƙaramin kamfanin ruwa. An gwada ruwansa, sai ga shuɗin zare fal. Aka ce za a garƙame wurin, ma'aikatansa su koma gida. Sa hannunta kawai ake jira.

Andrawus ya zo afujajan. "Adda, kin gama da ni! Ruwan nan shi yarana suke sha fa."

"Ka yi shiru, kana cika mini kunne. Akwai wani abu shuɗi a kamfaninka?"

"Ko bokiti babu."

Ta ƙi sa hannu. Ta duba ruwan wani kamfani, ga zaren. Ta duba ruwan ofishinsu, ga shi nan. Sai ta kalli kafaɗarta. Sabon gyale ne, shuɗi, na roba, tsarabar ƙanwarta daga Dubai.

Tobiya ya ce dariya ta yi har da hawaye. Ta cire gyalen, ta yafa fari na auduga, ta sake gwajin, ruwan ya fita tas. Da bakinta ta gaya wa shugabanta, a gaban kowa, cewa gyalenta ne mai laifi. Duk da haka sai da ta sa Andrawus ya kafa rumfa, don ya daina jibge ruwan leda a rana, tunda zafi kan sa leda ta saki ɓurɓushi cikin ruwa.

"Adda, ba kin ce na ci ba?"

"Ka ci. Kafa rumfar."

Ke ce wadda ta tuhumi kanta kafin ta tuhumi wani. Mun gode, Adda. Ku da za ku gaje ta, kafin ku rufe wa mutum wurin cin abincinsa, ku sake gwadawa. Andrawus yana nan yana buga ruwa, ma'aikatansa ko ɗaya bai koma gida ba.