Kowa da Kalmar Sirrinsa

Tsuntsuwa ake ce mata a gida, don tun tana ƙarama ko abinci a tsaye take ci. Ta fara karatun jinya ta bari, ta yi wata huɗu a shagon gyaran waya, a can ta koya wa kanta rubuta manhaja. Cikin shekara biyu ta ga ofis uku.

Gwaggonta, mai ba da magani a wani ƙaramin asibiti, ita ta kira ta. Asibitin na da shafin ajiye bayanan marasa lafiya, amma kalmar sirrin ɗaya ce tal, a rubuce a jikin firjin allurai. Har mai shara ya haddace ta. Ranar da wata mata ta tsinci sakamakon gwajinta a bakin maƙwabciya, likita ya ce a nemo mai gyara.

Kwana tara Tsuntsuwa ta yi a ɗakin fayil, kwamfuta a kan kwali, hannu na bugawa ƙafa na kaɗawa. Ta buɗe wa kowa asusunsa. Mai yanka kati suna da lamba kawai zai gani, mai gwaji kuma abin da ya gwada. Ta shiga da sunan wannan, ta fita, ta leƙa baranda, ta dawo ta gwada na wancan, hankalinta ya ƙi kwanciya.

Gwaggo ce ta fara kawo ƙara.

"Ke, na danna ɓangaren haihuwa, wai ba ni da izini. Ni da na goya ki?"

"Ba aikinki ba ne, Gwaggo. In na buɗe miki, da wane ido zan hana sauran?"

"Lallai, ɗan hakin da ka raina!"

Kwana biyu Gwaggo ba ta amsa gaisuwarta ba. Abin ya ci Tsuntsuwa, har sau biyu ta kai hannu za ta buɗe mata, ta fasa. A rana ta uku Gwaggo ta leƙo, fuska a ɗaure, ta ce a nuna mata yadda ake canza kalmar, don mai gwaji ya hango yatsunta tana buga ta.

Da aiki ya kammala, likita ya roƙe ta ta zauna da su. Ta miƙa masa ragamar shafin, ta goge asusunta a gabansa.

"In ya lalace fa?"

"Ka buɗe min na yini ɗaya, ranka ya daɗe, in na gama ka rufe."

Ta saɓa jaka. Kafin ta kai bakin titi har ta ɗaga wayar wani shugaban makaranta da ɗalibai ke shiga shafinsa suna ƙara wa kansu maki.