Tauraron da Kakata Take Aunawa da Dunƙulen Hannu

A ƙauyenmu, arewa da Damagaram, da an idar da sallar magariba muke kewaye murhun kakata Tabawa. 'Yar madugu ce, ta taso cikin ayarin raƙuma. Ni take kira maigida, irin wasan kaka da jika.

Akwai tatsuniyar da take ja kwana da kwanaki, ta wani madugu da ya rantse sai ya ga bakin duniya. Ya nufi arewa, kullum yana duban tauraron nan da ba ya gusawa. Sai ta miƙe hannu, ta dunƙule shi saitin inda sama ta haɗu da ƙasa. "Ku auna. A nan dunƙule ɗaya ne da yatsa biyu. Madugu na tafiya, tauraro na hawa. Me zai hawar da shi in ba ƙasa ce ta lanƙwashe ba? Duniya bayan ƙwarya ce, mu tururuwa ne a kai." Ta ce da tsayin tauraron ake sanin an kai daidai rijiya. Gabas da yamma kuwa ba ya faɗa, sai ƙirgen kwanaki.

Shekarata uku a lekkol, makarantar boko, a lokacin, kaina ya kumbura. Ana tsakiyar labari na ce, gaban baƙi, "Kaka, duniya ba a auna ta da hannun tsohuwa. Mushe, malaminmu, yana da taswira."

Ta dube ni ta ce, "Maigida, mushen naka ya taɓa kai raƙumi rijiya?"

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Amma ba ta ƙara ɗauko labarin madugun ba, ni kuma girman kai ya hana ni roƙo. Na tafi neman aiki, ta rasu ina hanya.

Yau na tsufa a Tamanrasset, bayan shekaru ina tuƙin babbar mota a hanyar In Amguel. Bara jikata Hadiza, mai karatun labarin ƙasa, ta zana mini layukan da aka raba duniya da su. Ta ce lambar da ke nuna nisan gari daga layin da ya raba duniya biyu a tsakiya daidai take da tsayin tauraron arewa a samansa. Na fita tsakar gida na miƙe hannu. Dunƙule biyu da yatsa ɗaya.

Hadiza ta ce, "Kaka, wa ya koya maka wannan?"

Na ce wata mata ce da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, kuma jininta ce ke.

Yanzu ni ke ba jikoki labarin, in kai madugun har inda tauraro ya yi dunƙule uku, in tsaya. Su ce, daga nan fa? Ba na ƙirƙiro musu ƙarshe. Nakan ce wadda ta sani tana cikin ba da labarin wani yaro ya katse ta, kuma ga shi nan zaune gabanku da furfura.